Ni Da Mawaƙa, Daga Garmaho Zuwa Wayar Hannu

 

Makon nan ba zancen girki za mu yi ba, ba kuwa na reno ba. Hira na zo mu yi a kan kiɗa da waƙa, ga kuwa abin da ya jawo ta. Ran nan da la'asar ina zaune a tsakar gida ina tsintar shinkafa, ina 'yar waƙata a hankali, sai jikata wadda ke sakandare ta zare abin nan da su ke cusawa a kunne, ta ce, "Kaka, waƙar wa ki ke yi?" Na ce ta Barmani ce. Sai ta ce, "Wace ce kuma Barmani?"

Na ajiye faifan shinkafa na dube ta, na rasa abin da zan ce. Barmani fa a 2013 aka rasa ta, ga shi har an sami yarinya a cikin gidana wadda ba ta san ta ba. Da na yi tunani sai na ga ba laifin yarinyar ba ne, laifina ne. Yaushe na taɓa zaunar da ita na ba ta labari? To, labarin da na ba ta a daren nan shi zan ba ku, domin na san akwai irinta a gidajenku.

GARMAHON BABANMU

Ni dai tun ina ƙarama Allah ya sa mini son waƙa. Babanmu falke ne, wata tafiya da ya yi Ikko ya komo da garmaho. Ku 'yan makaranta ba ku san shi ba. Wani akwati ne mai hannu a gefe, ba ya cin batir, ba ruwansa da lantarki. Sai an murɗa hannun nan ya cika, a ɗora baƙin faifai, a sauke masa allura a hankali, sa'an nan murya ta fito. An kira shi faifai ne don ya yi kama da wanda mu ke rufe ƙwarya da shi. Kowane gefe bai fi minti uku da 'yan kai ba, in ya ƙare sai a juya. In wanin ya saki kuwa, sai ki ji muryar mawaƙi ta yi nauyi tana jan ƙafa kamar mai jin barci, mu yara mu yi ta dariya. Allurar ba ta daɗewa sai an sake ta, faifan kuwa in ya faɗi ya fashe kamar kasko.

Saboda haka ba mai taɓa shi sai Baba. Bayan sallar lisha ya kan fito da shi zaure, maƙwabta su taru, mu kuwa mata da yara mu maƙale a bayan ƙofa muna saurare. Ba mu da zaɓi, abin da maza suka sa shi za mu ji.

A cikin fayafayan nan akwai guda wanda wani alhaji ya kawo wa Baba tsaraba, da ya komo daga Makka ta hanyar Sudan. Muryar mace ce, da Larabci ta ke waƙa, ba mu jin ko kalma guda, amma innarmu in an sa shi sai ta bar abin da ta ke yi. Sai da na girma na san ko wace ce. A'isha Falatiya ce, wadda aka haifa a Kasala, iyayenta kuwa mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar haji ta zaunar da su can. Ita ce mace ta fari da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974. Ashe innarmu tamu ta ke ji, ba ta sani ba.

DA REDIYO TA ZO

Rediyo ita ta shigo mana da waƙa har cikin gida. Sashen Hausa na BBC an buɗe shi a 1957, Rediyon Kaduna kuwa a 1962. Da ƙananan akwatuna masu batir suka yi yawa, sai ya zama mace tana iya ajiye tata a gefen murhu. In batir ya yi sanyi mu kan shanya shi a rana wai ya farfaɗo. Filin da mu ke jira shi ne zaɓi-sonka, inda za ki aika da kati ki gai da 'yan'uwa da ƙawaye, ki zaɓi waƙar da za a sa musu. Ranar da aka fara karanta sunana a rediyo ban ci abincin kirki ba don murna, gida gida na bi ina tambaya ko an ji.

A rediyo na san manyan makaɗan fada. Akwai Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Akwai Alhaji Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991. Dukansu kotso su ke kaɗawa, kiɗan sarakuna, wanda a ke bugawa da hannu ba da makaɗi ba. Da fari ban so su ba, don Hausarsu ta Sakkwatanci ta yi mini nauyi. Kakanmu ne ya riƙa tsai da ni yana warware mini, wannan kirari ne, wannan zambo ne, wannan habaici ne ga ɗan sarkin da ya nemi sarauta bai samu ba. Daga nan na gane waƙar fada ba ta mai gaggawa ba ce. Ke 'yar makaranta, in kina so Hausarki ta yi zurfi, ki zauna da waƙar Narambaɗa guda ɗaya tak, ki tambayi wani tsoho ma'anar kowace kalma. Abin da za ki samu ya fi darasin mako guda.

Kakan nan namu shi ya nuna mini kuma kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, manoma na da gangar noma, sarki na da tambari. Na ce, "To, mu mata fa?" Ya ce, "Ku ai kun fi kowa. Kuna da ƙwarya, kuna da shantu, turmi ma in kun so sai ku mai da shi ganga."

RANAR DA NA GA SHATA

Alhaji Mamman Shata kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. An haife shi a Musawa a 1923, ya zauna a Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Shi ya ɗauki kalangu, kiɗan mahauta da 'yan mata, ya kai shi gaban sarakuna da shugabanni.

Sau ɗaya tak na gan shi da idona, a 1976, ina amarya, wajen bikin 'yan'uwan maigidana a Funtuwa. Mu mata ba mu shiga fili ba, saman soro muka hau muna leƙe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ya ke tsaye ba hanzari, makaɗa da 'yan amshi suna bayansa. Kin san kalangu a hammata a ke riƙe shi, in an matse tsirkiya murya ta hau, in an saki ta sauka, har ya zama kamar magana ya ke yi. To, a ranar na ga yadda abin ya ke. Ya jefa magana, kalangu ya amsa, 'yan amshi su ɗauka. Wani baƙo ya shigo fili, kafin ya zauna har an sa shi a waƙa. Ba takarda, ba tsayawa tunani. Waƙar da na sani ta minti uku a garmaho, ranar nan ta kai rabin sa'a ba ta ƙare ba. A nan na san faifai guntu kawai ya ke ba mu.

Sai kuma in faɗa muku wautar da na yi, ko wata ta tsira. Da na ga ana ta kari ana ambaton sunaye, sai zuciyata ta ce ni ma a ambace ni. Naira biyu ke ɗaure a bakin zanena, watau fam guda a kuɗin da, kuɗin cefanen da maigida ya ba ni ne. Na kwance na ba wani yaro na ce ya kai, ya faɗi sunana da na maigidana. Na kasa kunne har gari ya kusa wayewa, ban ji sunana ba, yaro kuwa ko ƙeyarsa ban sake gani ba. Da muka koma gida kwana huɗu muna shan miya ba nama. Ran na biyar na gaji na faɗa wa maigida gaskiya. Bai yi faɗa ba, dariya ya yi ya ce, "Ai ga shi ni na ambace ki, kin huta." Har ya rasu bai bar yi mini ba'a da wannan ba.

'Yan'uwa, kyauta ga makaɗi al'adarmu ce, da ita ya ke ci da iyalinsa. Amma ki yi da abin da ya ke naki, wanda kika ware tun daga gida. Kuɗin cefane da kuɗin makarantar yara ba na liƙi ba ne. Sunan da aka ambata da dare, da safe ba ya shiga tukunya.

BARMANI TAMU

Shata na kowa ne, amma Barmani tamu ce mu mata. Sunanta Hajiya Sa'adatu, mutuniyar ƙasar Funtuwa, kiɗanta kuwa amada, irin wanda Hajiya Uwaliya Mai Amada ta Kano ta yi suna da shi kafinta. Kayan kiɗan duk na cikin gida ne. A cika babban kwano ko masaki da ruwa, a kifa ƙwarya a kai, in an buga ta ba da murya mai kauri kamar ganga. Sauran ƙore a kife su a ƙasa, a riƙa kaɗa su da 'yan sanduna. Shi ke nan. Ba fata, ba tsirkiya.

Na zauna gabanta sau biyu, duka a wajen suna, a shekarun 1980. Wannan ba leƙe daga soro ba ne, fili namu ne, maza suna waje. Matan da ki ka sani da kunya, waɗanda ba su ɗaga ido gaban suruki, ranar nan sai ki ga sun ɗaure gyale a ƙugu sun shiga rawa. Ita kuwa tana faɗin abin da kowace mace ke ji a ranta ba ta iya furtawa, zancen haihuwa, da na kishiya, da na miji mai ƙwauro. Gaskiya ne wasu waƙoƙinta na manyan mata ne, ba na gaban yara ba, kowace magana da muhallinta. Amma wanda ya ce abin da ta iya ke nan bai saurare ta ba.

Akwai waƙarta da ta ke kiran mata su kama sana'a, tana yi wa mai zaman banza dariya. Ranar da na ji ta daga bakinta sai na ga kamar da ni ta ke. Lokacin nan ko allura zan saya sai na jira maigida ya dawo. Da na koma gida na sayar da wata tasa daga cikin kayan ɗakina, na auno gyaɗa tiya biyu, na fara ƙuli-ƙuli da mai. Daga nan na shiga adashi, daga adashi na sayi keken ɗinki. Da maigida ya kwanta ciwo shekara biyu, keken nan ne ya riƙe yara a makaranta. Ban taɓa samun hanyar gode mata ba, ba ta kuwa san ina duniya ba.

Sai dai wuƙar da ta yanka miki nama ita ke yanke miki yatsa. Zamanin kaset ya zo, kowace mace da rikodarta, in zare ya fito mu sa biro mu naɗe. Da aka yi mini abokiyar zama, sai na sami kaset ɗin waƙar kishiya, kullum ranar girkinta in ɗora rikoda a bakin taga in ƙure murya. Ba na ce mata kome, waƙa ke yi mini faɗan. Ita ma ta sayo nata. Wata uku gidanmu kamar tashar mota, yaranmu har suka bar cin abinci tare. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta kira ni ta ce, "'Yar nan, mai waƙar nan ta yi ne a yi dariya a watse, ke kuwa kin mai da ita makami. In kina da magana da 'yar'uwarki, ba ki da baki ne?" Na ji kunya ƙwarai. Daren nan na shiga ɗakinta muka yi magana, muka yi kuka. Yau shekara talatin da wani abu muna tare, tare mu ke jin kaset ɗin nan muna dariya.

MAI GWANGWANI DA TSIRKIYA GUDA

Ba zan rufe lissafi ban ambaci Ɗanmaraya Jos ba, Alhaji Adamu, wanda aka haifa a 1946 ya rasu a 2015. Kuntiginsa ɗan gwangwani ne da aka rufe da fata, tsirkiya guda, shi kaɗai ba 'yan amshi. Wasu suna yi wa sarakuna da attajirai, shi kuwa ya yi wa karen mota waƙa, ya yi a kan auren dole, ya yi a kan gulma. Ya kan kawo zance tsakanin miji da mata da magulmaciya, har ki rantse a unguwarku aka yi. Na san gidan da aka fasa yi wa yarinya auren dole, uwar ta ce mini waƙar nan ce ta hana ta barci har ta sami ƙarfin zuciyar yi wa uban magana.

NA YAU

Kada ku ce tsohuwa ta zo kushe na zamani. Mu ma da muna 'yan mata an yi mana faɗa kan waƙoƙin Indiya, muna bin Lata Mangeshkar da Muhammad Rafi ba mu san abin da su ke cewa ba. Na yanzu da fiyano da kwamfuta su ke kiɗa, a cikinsu kuwa akwai masu hikima. Jikata ta sa mini Aminu Ala na ji Hausa tsantsa, ta sa mini Fati Nijar na ji murya.

Abin da ke damuna ba waƙar ba ce, yadda a ke jin ta ne. Mu tare mu ke ji, garmaho guda unguwa guda, in an faɗi abin da bai kamata ba babba ya tsawata, in an faɗi mai wuya ya fassara. Yanzu kowa ya toshe kunnensa shi kaɗai. Uwa ba ta san abin da ke shiga kunnen 'yarta ba, 'ya ba ta san abin da uwarta ta taso da shi ba. Ga shi kuma likitoci suna faɗa, ƙara mai yawa a cikin kunne tana rage ji, jin da ya tafi ta wannan hanya kuwa ba ya komowa. Ke 'yar makaranta, in ana kiranki daga tsakar gida ba ki ji, to, ƙarar ta yi yawa. In kuma littafi na buɗe gabanki, a kashe waƙa tukuna, ba a bin zomo biyu.

ROƘONA GARE KU

Shata da Narambaɗa da Barmani an ɗauki muryarsu, ko ba daɗe ko ba jima mai nema zai samu. Waɗanda na ke jin tsoro dominsu su ne waƙoƙin da ba a taɓa ɗauka ba. Innarmu tana da waƙar niƙa, wadda ta ke yi da asuba a kan dutse, a ciki ta ke faɗin kewar garinsu da abin da ke ranta. Da injin niƙa ya zo, dutse ya koma bayan ɗaki, waƙa ta bi shi. Akwai waƙar daɓe da mata ke yi in sun taru gyaran ɗakin amarya, siminti ya kashe ta. Lugude ya yi ƙaranci, shantu sai a gidan tarihi, gaɗa a dandali kuwa 'yan mata na birni sun bar ta. Innarmu ta rasu ban rubuta ko baiti guda daga bakinta ba. Yau in na so tunawa, karin kawai ke zuwa mini, kalmomin sun tafi. Wannan ya fi naira biyun nan yi mini ciwo nesa ba kusa ba.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo. Ke 'yar makaranta, wayar nan da ke hannunki ko hannun yayarki tana ɗaukar murya. Makon nan ki sami kakarki, ko wata tsohuwa a unguwa, ki gaishe ta da ladabi, ki roƙe ta ta yi miki waƙar niƙa, ko ta reno, ko ta gaɗar zamaninsu. Za ta yi ta noƙewa tana cewa ta manta, kada ki gaji, ki fara mata da wadda kika sani, za ki ga ta karɓe. Ki nemi izininta kafin ki ɗauka, kada kuma ki watsa wa duniya sai ta yarda. Sa'an nan ki sami littafin rubutu ki rubuta kalmomin, da sunanta, da garinsu, da shekarar da kika ɗauka, da ma'anar duk kalmar da ba ki sani ba.

Ke kuma uwargida, in kina da tsofaffin kaset a ƙasan akwati, ki sani zafi da laima suna cin su. Ki ba yaro ya kai wa masu tura waƙa a kasuwa su juye miki a waya tun ba su lalace ba. Ki kuma ware dare guda a mako, bayan an ci tuwo, ki sa naki yara su ji, su ma su sa nasu ki ji. In kin ji abin da bai dace ba ki faɗa musu dalili, kada ki tsaya ga tsawa kawai.

Mu mun fara a gidanmu. Daren Juma'ar da ta wuce na kifa ƙwarya a ruwa, abokiyar zamana ta ɗauki muciya biyu, jikata tana ɗauka da waya tana dariya har da hawaye. Da muka gama ta ce, "Kaka, ashe haka ki ka iya?" Na ce, "Ke dai kishiya, ba ki ga kome ba tukuna."

Wadda ta sami wata tsohuwar waƙar mata a garinsu, ta rubuto mana a wannan fili mu ji, mu ƙaru da juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Haza wasalam.